Waken Soja a Gonar Kawu

Ƴan shekaru bayan samun mulkin kai na gama makarantar aikin gona, aka turo ni Tawa. Aikina zagaya ƙauyuka bisa doki, ina kai wa manoma sabon iri. Wata shekara aka ba mu wani wake da ba a san shi ba a Adar, waken soja, aka ce mu nemi masu gwadawa. Duk wanda na miƙa wa sai ya juya ƙwayar a tafin hannu ya maido mini. Kawuna kaɗai ya karɓa, ƙanen mahaifiyata da ke noma kusa da Bambeye. Ya ba ni gefen gonarsa, inda ya saba shuka waken da gidansa ke ci.

Damina ta fara da kyau, waken ya tsiro. Da na koma bayan noman farko, Kawu ya tare ni tun ban sauka daga doki ba.

"Taho ka gani, ɗana. Wakenka kamar mai ciwon shawara."

Tsofaffin ganyen ƙasa kore suke, sababbin na sama kuwa ƙanana, sun koma ruwan ɗorawa. Na tono saiwa, babu tsutsa. Nan take na gane, don an koya mana: idan ganyen sama ne suka fara koɗewa, ƙasar ba ta da farar wuta. Wake na buƙatar ta kafin ya cika ƙwaya, gonar rairayi kuma ba ta riƙe ta, ruwa ke wankewa.

"Farar wuta? Wadda makiyaya ke shafa ma raƙumi in ya yi ƙazuwa?"

"Ita ce, Kawu. Amma a cikin angire take zuwa, takin zamani."

"To, ka samo mashi."

Na koma Tawa. Shugabana ya saurare ni, ya yarda da duk abin da na faɗa, sannan ya kai ni magaza, ɗakin ajiyar kayanmu, ya buɗe mini ƙofa. Babu ko buhu ɗaya. Ya ce ɗan angiren da aka samu an kai ƙasar masu gyaɗa, namu yana hanya, kamyo kuma, babbar motar kaya, ba zai iso ba sai laka ta bushe. Na yi ta komawa ina tambaya, har na fara jin nauyin gaishe shi.

Ranar kasuwa na je wajen masu sayar da maganin dabbobi na sayi farar wuta a dunƙule. Matar Kawu ta hana turminta saboda wari, sai muka niƙa ta bisa dutse. Na san sai ta daɗe cikin ƙasa kafin saiwa ta iya shan ta, kuma waken ya riga ya fara fure. Muna cikin barbaɗawa Kawu ya dube ni.

"Za ta yi?"

"Bana da wuya, Kawu."

Ya ci gaba da barbaɗawa har ƙarshen kunya.

Daga nan sai kallo. Ina zuwa, mu tsaya bakin gona ni da shi, waken yana nan a tsugune, bai mutu ba, bai tashi ba. Maƙwabta idan sun biyo su gaishe mu su kau da kai, su wuce.

Da kaka abin da muka roro bai cika ƙwarya ba, ƙwayar duk a yamutse. Matar Kawu ta dafa, ya ƙi laushi, yara suka ture. A ranin nan gidan bai ci wake ba sai wanda maƙwabta suka aiko, awaki kuma ba su samu harawa ba. Na kai musu hatsi daga Tawa. Kawu ya karɓa, ya tambaye ni lafiyar mahaifiyata, bai ɗauko maganar gona ba.

Kamyon ya iso bayan an gama ɗaure hatsi. Muka sauke angire muka jera a magaza. Irin waken soja kuwa ba a ƙara turo mana shi ba, kafin wata damina ma an maida ni Takanamat.