Gawa Kaɗai Ta Rage

Tun safe take zaune a bencin ƙofar gidan wasan kwaikwayo, hoda ta cike ramukan fuskarta, takalminta ɗaya ɗaure da zare. Leɓunanta suna motsi, wataƙila bitar wani wasa take da kowa ya manta. Da ta gaida mai shara, muryar ta mai kaiwa kujerar ƙarshe ce.

Darakta ya leƙo. "Mama, an gama rabo. Gawa kaɗai ta rage."

Sai ta shimfiɗa mayafinta a kan siminti, ta kwanta, ta ɗauke numfashi har mai shara ya fara salati.

"Mama, tashi mana!"

Ta buɗe ido ɗaya. "Ɗana, shekara arba'in ina kan dandamali. Ya yi, ko in ƙara?"