Ƙudajen da Suka Bi Machano

Machano bai taɓa son zaman gida ba. Wannan ba sharri ba ne, matarsa Bi Miza ma za ta faɗa maka, har ta ƙara da nata. Tun yana saurayi, da iskar kudu ta fara lafawa sai ka gan shi yana kai-komo a bakin teku kamar wanda cinnaka ta shiga wa wando, yana jiran ranar da jirgi zai tashi zuwa dago. A dago ne masunta ke barin gari su kafa bukkoki a tsibirin Kiwanje, su yi watanni suna kamu suna shanya, sai buhuna sun cika su dawo.

Kiwanje kuwa ba wurin da mai hankali zai yi marmari ba ne. Babu rijiya, ruwan sha a jarka ake zuwa da shi. Yashi ne da dutse mai yankan ƙafa, sai kurmin da ba ya shiguwa. Da safe ƙyashi ne zai karya kumallo da kai, da rana ƙuda ya karɓa, da yamma sauro ya zo da danginsa. Ɓerayen wurin har kaushin ƙafa suke gwaguya idan mutum ya kishingiɗa. Akwai ƙaguwar kwakwa, ƙatuwa kamar kwarya, wadda ke jan cokali da murfin tukunya ta shige rami da su, Allah kaɗai ya san girkin da take yi a can. Amma Machano cewa yake nan ne kaɗai yake barci mai daɗi.

Da ƙuruciyarsa babu wanda ya kai shi kamun pweza, wannan halittar mai hannu takwas da ke ɓuya a ramukan dutse. Idan ruwa ya janye, zai bi kan duwatsu da ɗan ƙarfensa, ya leƙa nan ya tsokana can, kafin ka gama neman takalminka shi ya cika igiya. Sai shekaru suka yi aikinsu. Ido ya fara hazo, numfashi ya gajarce. Pandu, ɗan ƙanwarsa, wanda shi ne yanzu ke riƙe da jirgi, ya ce, "Kawu, ka zauna mana a sansani." Machano ya yi fushin yini guda, sannan ya karɓa, har ya mayar da abin sarauta. Shi ke bugun pweza a yashi har ta yi laushi, ya miƙe ta a kan sanduna, ya rataye. Shi ke tada hayaƙin ɓawon kwakwa, ya kori shirwa, ya jefi guza, ya tuƙa ugali, wato tuwon masara, ya raba ruwan sha da gwangwani kamar mai raba gado.

Dago yana da doka, kuma kowa da ita ya tashi. Jirgi ɗaya ne, mutanensa ma ɗaya ne. Idan ciwo ya kwantar da mutum ɗaya, ba a barinsa a tsibiri, ba a kuma raba jama'a biyu: kowa zai naɗe tabarmarsa a koma gida tare, ko da kamun bai yi rabi ba. Wannan ake faɗi da baki. Abin da ba a faɗi shi ne, wanda ya karya dago sau ɗaya, baɗi ba za a ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. Ba za a zage shi ba. Za dai a manta da shi cikin ladabi.

Shekarar da abin ya faru, pweza ta zo kamar an buɗe mata ƙofa. Sanduna suka cika, aka sara wasu. Ussi, wani ƙaton masunci mai bakin da ba ya rufuwa, har ya fara zaɓen kalar kwanon da zai rufa ɗakinsa.

Wata safiya bayan jirgi ya fita, Machano ya sauka ruwa iya ƙwauri don ya kankare tukunya. Bai ga kifin nan mai faɗi da ke kwanciya cikin yashi ba, ya taka shi. Wutsiyar kifin mai ƙaya ta ɗago ta soke shi a saman idon sawu. Ya zauna daɓas cikin ruwa yana kiran sunan Allah. Da ya ja ƙayar, ta fito, amma ba duka ba, tsininta ya karye a ciki. Ya ji shi sarai.

Ya daɗe a zaune yana kallon sandunan shanya. Sannan ya ja jiki zuwa murhu, ya gasa wurin da ruwan zafi, ya zuba kananzir, ya tauna taba ya liƙa, ya ɗaure da tsumma. Zanen da yake ɗaurawa iya gwiwa, ya sake shi har ƙasa.

Da jirgi ya dawo, Ussi ne ya fara gani.

"A'a! Tsoho, yau zane har ƙasa? Limanci za ka ba mu, ko wata ƙaguwar ce ta ce tana sonka?"

"Ƙyashi ne ya ishe ni, ɗan banza. Kai da fatarka ta fi ta guza kauri me ka sani?"

"To ɗingishin fa?"

"Tsufa ne. Yana nan yana jiranka a gaba, da sanda."

Aka yi dariya, aka ci ugali, magana ta wuce.

Ƙafa kuwa ta ci gaba da nata zancen. Ta kumbura, ta yi sheƙi, daga baya ta fara baƙi. Machano ya koma salla a zaune, ya ce gwiwa ce. Ya janye tabarmarsa zuwa bayan sandunan shanya, ya ce ɓeraye yake gadi. A nan warin pweza ya rufa masa asiri, don a Kiwanje idan abu yana wari ba wanda ke tambayar daga ina. Mutane ya iya yaudara. Tururuwa ta fara layi zuwa tabarmarsa. Guzan da ya saba gudu da ganinsa ya koma tsayawa nesa kaɗan, yana fiddo harshe, yana kallonsa kamar mai jiran a sauke tukunya. Idan jama'a sun fita kamu, Machano yakan kwance tsumman ya duba, ya mayar da sauri, ya ce a ransa saura kaɗan buhuna su cika. Zazzaɓi na kaɗa shi, amma bai bar hayaƙi ya mutu ba.

Ran da asiri ya tonu, jirgi ya dawo da rana tsaka saboda ruwa ya kawo da wuri. Pandu ya bi sanduna yana taɓa pweza, yana jin daɗi, sai ya tsaya. Shanya cike, hayaƙi ɗan kaɗan, amma ƙuda tsilli-tsilli. Tun da yake zuwa Kiwanje bai taɓa ganin haka ba. Ya waiwaya. Kawunsa na zaune a kan kututture, zanensa daga gwiwa zuwa ƙasa baƙi ƙirin, kuma baƙin yana motsi.

"Kawu, ɗaga zanen nan."

"Kai, ni sa'anka ne?"

"Ka yi haƙuri, Kawu. Ɗaga, ko in ɗaga."

Machano bai motsa ba. Pandu ya durƙusa, ya kore ƙudan, ya kwance tsumman da kansa. Waɗanda suka matso suka ja da baya. Tsutsa ce a ciki, fara fat, tana ta hidimarta.

"Ku saurare ni," in ji Machano. "Ku sa ni a inuwa, ku ƙarasa aikinku. Wuta zan iya hurawa a zaune. Kamu irin wannan ba ya zuwa sau biyu."

"In je in ce wa Bi Miza me?" Pandu ya ce. "In miƙa mata tabarmarka?"

Ussi ya tofar da yawu. Karo na farko ba wasa a bakinsa. "Tsoho, ka cuce mu, ka cuci kanka. Da ran farko ka faɗa, wuƙa kawai zan gasa in ciro maka ƙayar, ka zagi uwata, shi ke nan."

"Da na faɗa, da Pandu ya fara kallona kamar wani kayan nauyi."

Pandu bai musa ba. Ya miƙe ya ce a kwance bukkoki.

Rabin pwezar ba ta gama bushewa ba, haka aka cusa ta a buhuna. A hanya iska ta ɗauke ɗif, jirgi ya tsaya a tsakiyar ruwa, rana na dukansa. Buhuna suka fara zufa, suka fara kumburi. Machano na kwance a gindin jirgi an rufe shi da zane, yana jin lokacin da aka fara jefa su a ruwa, ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ce uffan. Da ma a ce sun zage shi.

A asibitin gari aka yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa kaɗan. Ya warke, don shi irin mutanen nan ne da mutuwa ke ganin wahalar taunawa. Wani kafinta ya sassaƙa masa sanda, ya koyi tafiya da ita har yana tsere da awaki. Kullum sai ya je bakin teku, don a gani.

Da lokacin dago ya zagayo, Pandu ya zo gaishe shi ana gobe tafiya. A bakin ƙofa akwai tabarmar Machano a naɗe, an ɗaure ta tamau, wuƙa da gwangwani a soke a jiki. Pandu ya gan ta, ya kawar da kai, ya zauna ya tambayi jiki, ya tambayi Bi Miza, ya yi zancen iska.

"Wa zai zauna muku a sansani?" Machano ya tambaya.

"Surukin Ussi, Kawu."

"Wannan mai barcin rana? Shirwa za ta yi ƙiba bana."

Pandu ya yi 'yar dariya, ya nemi addu'a. Machano ya ɗaga hannu ya yi musu, doguwa, har da sunan kowa.

Washegari da hantsi Bi Miza ta rasa abin da za ta shanya rogo a kai. Ta dubi mijinta, ta dubi tabarmar, sannan ta sunkuya ta kwance igiyar.