Jujin Inna Saratu

Gwadabe ya sauka Tudun Wada ne tun unguwar ba ta wuce 'yan gidajen zana ba, shekaru kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso Zariya. Abin da ya zo da shi daga ƙauyensu jaki ɗaya ne da mangala da fartanya. Da su ya kama sana'ar kwasar juji, wato tarin shara da toka da kashin dabbobi da kowane gida ke jibgewa a bayan danga.

A wancan zamanin, jujin shi ne ladan mai kwasarsa. Mai gida ya kira ka, ka share masa wuri, kai kuma ka kai taki gonarka. Gonar Gwadabe tana wajen Gyallesu, ƙasa ce mai tsakuwa, in ba ta sha taki ba ko tuwon wata uku ba ta bayarwa.

Duk unguwar babu juji kamar na Inna Saratu, wata dattijuwa mai tuyar ƙosai. Murhunta ba ya mutuwa, ga awaki cike da turke. Shekara tara Gwadabe yana kwashe shi kowace bazara, har yakan ce "jujina" a gaban mutane, ba wanda ya musa.

A bazara ta goma ya koro jakinsa da hantsi, sai ya tarar da wurin fes, har an yayyafa ruwa. Sawun jakuna kawai ya gani. Aka ce masa ai Labaran ne, wani matashi da ya zo unguwar bara, wanda gonarsa ke kan iyaka da ta Gwadabe.

Bai yi wa Inna sallama ba, ya juya. Daga ranar ya daina sayen ƙosanta, ya koma zagayawa ta bayan masallaci don kada ya bi ƙofar gidan.

Damina ta sauka. Dawar Labaran ta yi baƙi ƙirin, ganyenta kamar an shafa mai. Ta Gwadabe kuwa ta tsaya a ƙugu, ta yi fatsi-fatsi. Kullum in ya zo noma sai ya faki ido ya tsallaka iyaka, ya gwada tsayin dawar maƙwabcinsa da sandar korar jaki, ya dawo ya gwada tasa. Sai ya zauna a gindin ɗorawa, fura ta ƙi shiga.

Wata rana Labaran ya kama shi yana cikin awon.

"Baba Gwadabe, sannu da aiki. In sandar ta gaza, akwai gora a bukkata."

"Maciji na gani ya shiga."

"Ai kuwa macijin nan yana son gonata, jiya ma na ga kun biyo shi."

Gwadabe ya tsallako zuwa gonarsa. Ya riƙa faɗa a bakin kasuwa cewa yaron nan daɗin baki ya yi wa tsohuwa. Wani lokaci ya ce goro ya kai mata. Da kaka ta zo, rumbunsa bai kai rabi ba, matarsa Atika ta fara auna tsaba da ƙaramar ƙwarya. Ita ce ta ce masa, "Malam, in baɗi ma takin nan ya wuce ka, sai dai mu koma ƙauye. Ka je ka tambaye ta mana, bakinka ciwo yake?"

Ya je, ya durƙusa nesa da kasko.

"Inna, barka da hantsi."

"A'a, Gwadabe ne? Na ɗauka jirgi ya kwashe ka zuwa Ikko."

"Inna, shekara tara. Me na yi aka ba wa yaron jiya jujina?"

Ta tsame ƙosai, ta ajiye matsami, ta ce ya biyo ta. Ta kai shi kusurwar danga, ta nuna masa wani fili da kara. "Ka tuna abin da ke nan?"

Ya tuna. Shi dai tun farko baƙin taki yake bi. Sai ya tone juji ya kwashe ruɓaɓɓen na ƙasa, ya tsince fasassun tukwane da ƙasusuwa da tsummoki da gwangwanaye ya watsa su gefe, don kada su nauyaya wa jakinsa. Haka ya ga ana yi a ƙauyensu, inda babu mai leƙa bayan gidan wani.

"Nan ba ƙauye ba ne," in ji Inna. "Duba-gari ya zo ya sami ruwa kwance a katangar tukunya, da 'ya'yan sauro a ciki. A gaban masu sayen ƙosai ya tsaya yana yi mini faɗa, ni da furfurata. Labaran da ya zo bai zaɓa ba, har tarkacenka na shekara tara ya ɗauka. Kai takin kake yi wa aiki, shi ni ya yi wa."

Gwadabe ya koma gida. Washegari ya dawo da jaki, alhali lokacin taki bai yi ba. Ya tsince duk wata katanga da gwangwani da suka taru tun bazara, ya kai su tsohon kududdufi ya binne. Bayan kwana bakwai ya sake dawowa, ya kuma sake. Inna tana kallo, sai ran nan ta miƙa masa ƙosai uku a ganye.

Da bazara ta kira su biyun, ta ja layi da kara a tsakiyar jujin. "Gabas na Gwadabe, yamma na Labaran. Wanda ya bar mini ko ƙashi ɗaya, ya bar rabonsa."

Rabin nan ya riƙe gidan Gwadabe, ba su koma ƙauye ba. Ya yi shekara ashirin yana kwasar gabas, har jakuna uku suka tsufa a hannunsa. Amma har ƙarfinsa ya ƙare bai yarda layin nan a tsakiya yake ba. Yakan ce awakin Inna sun fi kwana ta yamma.