Zobe na Ashirin da Uku

"Ni dai abin da nake cewa, gobe idan aka zo awo, ka ɗan yi tari hannunka ya goce," in ji Vern mai shagon taya, yana tura wa Lowell gwangwanin sukari. "Wa zai gani?"

"Ni zan gani."

"Kai ɗin wa? Shekara ashirin kana jan sarƙa, ko hula ba su taɓa ba ka ba."

"Sun ba ni. Ita ce da ka ara ta ƙi shiga wannan ƙaton kan naka."

'Yan teburinsu na gidan shan kofi suka yi dariya, Lowell ya ci gaba da kurɓar kofinsa. Juma'a ce, ƙarshen kakar wasa ta 1986, kuma duk garin Harlow Falls ba a zancen komai sai wasan ƙwallon Amurka na gobe, wanda ake rungumar ƙwallo a gudu da ita. Ƙungiyar jami'ar garin ta ci biyar an ci ta biyar. Shekara goma sha ɗaya rabon da ta gama kaka nasararta ta fi faɗuwarta yawa.

Lowell Brandvold mai raba wasiƙu ne. Litinin zuwa Juma'a yana zagaya unguwanni da jakarsa, ya san karen da ke cizo da wanda haushi kawai ya iya. Ranar Asabar kuwa sai ya sa riga mai ruwan lemo ya tsaya a bakin fili tare da masu sarƙa. Dokar wasan ita ce ƙungiya ta ci yadi goma gaba da ƙwallo cikin yunƙuri huɗu, in ta kasa ta miƙa ƙwallon ga abokan karawa. Sarƙar da ke tsakanin sanduna biyu ita ce yadi goman. Aikin Lowell shi ne ya maƙala wani ɗan ƙarfe a jikin sarƙar, a zoben da ya faɗo kan farin layi, domin in an ɗauki sarƙar an shiga fili awo, a san inda za a aza ta. Masu sarƙa ba sa tafi, ba sa ihu, ko da garinsu ne ya ci. Shi kuma yana da wata ɗabi'a da babu wanda ya sa shi: duk maƙalawa sai ya ƙirga zobba daga sandar baya ya riƙe a ka.

A wannan shekarar ɗansa Curtis ne ke gudu da ƙwallo, kuma shekararsa ta ƙarshe ke nan a jami'a. Yaro ne da ya koyi gudu a tsakanin kunyoyin masara, bai cika magana ba, kamar ubansa. Kakar ta fara da faɗuwa uku a jere, har mutane suka koma zuwa fili don jin masu badujala. Sai abin ya juya a watan Oktoba. Duk wasan da Curtis ya tsallake layin ƙarshe da ƙwallo ya ci maki, uwarsa Marlys takan yi ihu a madadin mutum biyu, domin ta san mijinta ba shi da izini.

Ranar Asabar sanyi ya sauko sosai, ciyawar fili ta yi tauri. Saura minti biyu, ƙungiyar baƙi na gaba da maki huɗu, ƙwallo na hannun 'yan garin. A yunƙuri na uku 'yan wasa suka yo gefen fili a guje, masu sarƙa suka yar da sanduna suka kauce kamar yadda aka koya musu. Da Lowell ya dawo, sai ya tarar ɗan ƙarfen ya ɓalle yana kwance cikin ciyawa. Alƙalin gefe yana can yana raba 'yan wasa biyu da suka cakumi juna. Babu wanda ya san zoben sai shi.

Na ashirin da uku ne. Ya durƙusa ya ƙirga da yatsun da sanyi ya ƙage. Ya san in ya ƙara zobe ɗaya gaba, yadi goman zai ragu wa ɗansa da kaurin yatsa biyu. Yatsansa ya tsaya a kan na ashirin da huɗu na ɗan lokaci. Sannan ya koma baya ya maƙala.

A yunƙuri na huɗu aka miƙa wa Curtis ƙwallo. Ya sunkuyar da kai ya kutsa, mutum biyar suka danne shi. Alƙali ya kira sarƙa. Aka shiga da ita, aka aza ƙarfen a kan layi, aka ja. Ƙwallon ba ta kai ba, amma tsakanin tsininta da sandar gaba bai kai tsawon zobe ɗaya ba. Filin ya yi tsit, sai 'yan tsirarun baƙi da ke murna a can kusurwa.

Mutane sun watse, Lowell yana naɗe sarƙa, sai ga Curtis da hular ƙarfensa a hannu, gwiwarsa duk laka.

"Baba, na ga ƙarfen ya faɗi."

"Ya faɗi."

"Ka mayar da shi inda yake?"

"Inda yake."

Curtis ya dubi sarƙar. Lowell ya jira, bai san abin da zai fito daga bakin yaron ba, kuma a duk shekarunsa na bakin fili bai taɓa jin tsoro irin na wannan jiran ba.

"Da na miƙa hannu kaɗan da na kai," in ji Curtis. "Rungume ta na yi don kada ta suɓuce."

"Haka aka koya maka."

"Haka aka koya mini." Ya share hanci da bayan hannu. "Mama ta ce ta dafa naman tukunya. Ta ce in ka tsaya surutu ba za ta rage maka dankali ba."

"Je ka wanke lakar nan, ina zuwa."

Lowell ya haɗa sandunan biyu ya saɓa a kafaɗa, ya nufi ɗakin ajiya da ke ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, domin sai an goge sarƙar an shafa mata mai kafin a kulle ta har kaka ta gaba.