Sobiyar da Aka Saurara da Kunne

Jiya Hajiya Maryama, tsohuwar da ke hawan ƙasa a gidanmu na unguwar Utaibiyya a nan Makka, ta ɗauki robar sobiyata, maimakon ta ɗanɗana sai ta kara ta a kunne.

Azumi na uku ke nan ina koyon haɗa sobiya, abin shan nan na sha'ir da mutanen Makka ke buɗa baki da shi. Ta farko salam ta fito. Ta bara kuwa na manta zafin garin nan ba irin na Kano ba ne, na bar ta kwana uku, ta yi kumfa har maigidana ya ce a zubar, kada mu sha haram.

Na ce, "Hajiya, me kike saurara?"

Ta ce, "'Yar nan, in ta yi shiru ba ta nuna ba. In tana surutu ta lalace. Taki raɗa take yi. Halas, je ki tace."

Da magariba sau biyu tana miƙo kofi.

Yau da safe na kama kaina ina kara kunne a kwanon ƙullun ƙosai. Wai ku ma akwai abin da kuke gane nunarsa da kunne?