Yadda Kawu Apakuki Ya Koma Ƙarshen Layi

Kawuna Apakuki ba ya ji da kunnen hagu, injin ne ya cinye masa shi. Shekara ashirin da takwas yana tsaye gefen janaretan tsibirinmu, kullum ta ɓangare ɗaya, har kunnen ya gaji ya ajiye aiki. In roƙo ka zo yi, ka tsaya masa ta dama. In tsiya ce, ta hagu. Ni ɗan ƙanwarsa ne, a wurinmu kuwa ɗan ƙanwa yana da izinin ɗaukar kayan kawunsa ya kuma yi masa shaƙiyanci a kai, don haka ɓangarorin biyu duk na more su.

Sunana Sekove. Na yi aji uku na sakandare a Suva, babban birninmu, na bar makarantar kafin ta kore ni, don a san ni na fara. Na yi yaron mota, na wanke kwanuka a otal, na yi wata biyu a jirgin kamun kifi ina amai. Da na ga birni bai san darajata ba sai na hau jirgin ruwa na kwana biyu na dawo gida. Amma ba labarina zan bayar ba, ko da yake ni na jawo abin.

Kawu ya koyi inji ne a jirgin da ke kwasar busasshiyar kwakwa, yana saurayi. Da mahaifinsa ya rasu aka kira shi gida, domin gidansu ne ke riƙe da muƙamin bakin mai gari. Mai gari ba ya yawan magana a taro, Kawu ke magana a madadinsa. Idan aka zauna shan yangona, abin shan gargajiyarmu da ake yi da saiwa, aka dama saiwar a babban akushi, ƙoƙon farko na mai gari ne, na biyu na Kawu, sai fasto, sai sauran masu gida kowa da matsayinsa. Tun kafin a haifi kakana haka layin yake.

A zamanin janareta, wuta awa huɗu ce a rana, da yamma. Haka dokar ta ce. Amma Kawu yana da tasa dokar a cikin kansa. Idan mace na naƙuda, ko wani tsoho ya kwanta, sai ka ji injin ya tashi da tsakar rana ba tare da an tambayi kowa ba. Idan aka yi masa maganar mai, sai ya juya wa mai maganar kunnen hagu.

Shekara biyu da suka wuce aka kawo mana sola. Aka jera faifai a bayan filin ƙwallo, aka zuba batura a cikin kwantena, aka manna mita a kowane gida. Mitocin suna magana da wani farin akwati, akwatin kuma yana magana da Suva ta wani faranti da ke kan rufi. Injiniya Anjila, wadda ta haɗa abin, tana zaune a ofishinta tana ganin wanda ya jona dutsen guga a tsibirinmu. Aka rufe janareta da tamfol, aka daina aiko masa da mai. Aka bar wa Kawu aikin wanke gishirin teku daga faifan da safe, da amsa waya.

Bai yi fushi ba. Akwatin ma suna ya sa masa: Baƙo.

“Kawu, an maye gurbinka da akwati,” na ce masa ta dama, don ya ji da kyau. “Ko kunne ɗaya ba shi da shi, amma ya fi ka ji.”

“Kai ma an maye gurbinka da babu kowa a Suva,” ya ce, “kuma ba su lura ba. Miƙo min bokiti.”

Baƙo yana da wata dabara. Idan hadari ya rufe rana kwana biyu ko uku, batura suka yi ƙasa, ba ya bari gari duka ya mutu. Sai ya fara ɗauke wutar gida-gida daga ƙasan wani jeri, yana haurawa sama har batura su farfaɗo. Kafin ya ɗauke, yakan turo wa mai gidan saƙo a waya. Jerin kuwa mu za mu ba shi. Injiniya Anjila ta rubuto cewa a jera gidaje arba'in da bakwai, wanda ya fi buƙatar wuta a sama.

Da yake ni ne mai saurin yatsa a waya, ni aka sa na karanta saƙon a taro. Na karanta shi daidai, kada wani ya ce turancina ne. A garinmu babu mai buɗe baki gaban jama'a ya ce ni na fi buƙata, babu kuma mai nuna maƙwabcinsa ya ce wannan ya koma baya. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Can sai wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce, “To ai muna da layi tun tuni.” Ya nuna akushin yangona.

Kowa ya saki numfashi. Ni kuma a lokacin ana jirana a fili, ana ta yi mini fito ta taga. Na bi da'irar da ido, na danna sunaye yadda ƙoƙo ke zagayawa: mai gari ɗaya, Kawu biyu, fasto uku, har arba'in da shida. Na ƙirga na ga saura ɗaya.

“Wa aka bari?”

“Teretia,” wani ya ce.

Na sa ta a arba'in da bakwai, na tura, na fita da gudu.

Iya Teretia ba 'yar tsibirinmu ba ce. Daga tsibirin Rabi aka auro ta shekara arba'in da suka wuce. Mijinta ya rasu, 'yarsu ɗaya tana aure a garin Labasa, ba ta da namijin da ke zama mata a da'ira. Gidanta na can ƙarshen gari bayan rafi, kabarin mijin a gefen ƙofa, kullum a share. Ba ta taɓa roƙon kowa gishiri ba. Tana da ciwon fuka, kuma 'yar ta aiko mata da wani ɗan inji da ake jonawa a wuta, yana fitar da turirin magani ta shaƙa. Duk garin an san da wannan. Ni ma na sani. Abin da babu wanda ya haɗa a kansa shi ne, fukarta da damina take tashi, ranar da sama ta rufe, wato ranar da Baƙo ke fara yanka daga ƙasa.

A watan Fabrairu, tsakiyar daminarmu, aka yi kwana uku ana ruwa ba ɗagawa. Rana ta uku da hantsi uwata ta aike ni in kai wa Iya Teretia dafaffiyar gwaza da kifi a madarar kwakwa. Ina tafe ina mita, don rafin ya kawo har gwiwa. Na same ta zaune a bakin ƙofa, ta dafa ƙasa da hannu biyu, kafaɗunta na hawa suna sauka, ƙirjinta na kuka kamar an matse 'yar kyanwa. Ɗan injin na gefenta a jone, shiru.

“Iya! Tun yaushe?”

Ta ɗaga yatsu biyu. Awa biyu.

“Me ya sa ba ki aiko ba?”

Wa za ta aika? Ta ja iska da ƙyar ta ce, “Layi... bai zo... kaina ba.” Wai har tana ƙoƙarin yi mini murmushi.

Na ajiye kwanon, na cusa injin a riga, na goya ta. Ba ta kai nauyin buhun rogo ba. A tsakiyar rafi na ji numfashinta a wuyana yana ƙara gajarta, sai na fara surutu don tsoro. Na ce mata, “Iya, kada ki kuskura ki mutu a bayana, 'yan mata za su daina kula ni.” Ta ɗan buge ni a kafaɗa. Na ce to, da sauranta.

Gidan Kawu, lamba biyu, wuta har da fanka na juyawa. Matarsa, Gwaggo Salanieta, ta shimfiɗa tabarma, na jona injin, ya fara huci. Muka zauna muna kallon ƙirjinta yana sauka a hankali. Kawu na tsaye a ƙofa da ruwa na ɗiga daga zaninsa. Ya jira sai da ta yi barci. Sannan ya kira ni waje.

“Lamba nawa ka ba ta?”

“Arba'in da bakwai.” Ban iya kallonsa ba. “Kawu, akwatin nan mugu ne.”

“Baƙo ne. Abin da muka faɗa masa ya riƙe.” Ya share fuskarsa. “Ni ina zaune a wurin. Ni da na san kowane tari a garin nan. Na ji daɗi an sami hanyar da ba sai na yi magana ba.”

Gwaggo ta ce Iya ta zauna da su har damina ta wuce. Iya ta yi godiya, ta sake godiya, da yamma ta ɗaure injinta a ɗankwali ta ce za ta koma. Wa zai share wa mai gida ganye a kabarinsa?

Washegari Kawu ya sa ni na kira Suva. Ya kanga wayar a kunnen dama yana ihu kamar teku zai tsallake da murya.

“'Yata Anjila! A ɗaga min mutum ɗaya sama!”

“Baba Apakuki, ina jin ka, ba sai ka fasa min kunne ba. Minti ɗaya ne aikin. Amma sai da takarda mai sa hannun mai gari. Kuma ka sani, in ta hau, duk na ƙasa da ita kowa zai sauka mataki ɗaya.”

A nan gizo yake saƙa. Ka ce wa fasto ya koma huɗu, ka ce wa mutum arba'in da huɗu kowa ya matsa baya saboda macen da ba ta da wurin zama a da'ira. Za su yarda, babu mai cewa a'a. Amma za a yi shekara goma ana tunawa, kuma a kan Iya za a tuna. Ita da ba ta roƙon gishiri.

Kawu ya yi kwana biyu yana wanke faifan da ruwan sama ya riga ya wanke. Rana ta uku ya tono saiwar yangona mafi girma a gonarsa, wadda yake ajiye wa auren ɗansa, ya ɗaure ta da igiya, ya sa farar rigarsa ta coci. Da azahar aka taru. Ya shiga da rarrafe, ya ajiye saiwar gaban mai gari. Mutumin da kullum shi ke karɓar roƙon wasu, yau shi ne mai roƙo.

“Ranka ya daɗe, ƙoƙo na biyu na ubana ne, na kakana ne, ba ni da ikon bayar da shi, kuma ba zan bayar ba. Amma lamba biyu ta akwati, bara aka ba ni ita. Tawa ce. Ina neman izini in yi musaya da Teretia. Babu wanda zai motsa daga wurinsa. Ni kaɗai.”

Mai gari ya dube shi. “Apakuki, kai da ka ba garin nan wuta shekara ashirin da takwas, kai za a fara ɗauke wa?”

“Na ga wuta ta ishe ni, ranka ya daɗe.”

Wani daga baya ya ce, “To ragbi fa?” Aka fashe da dariya, don duk tsibirin an san Kawu zai iya barin abinci amma ba zai bar wasan ragbi a talabijin ba. Kawu ya juya masa kunnen hagu.

Mai gari ya tafa hannu sau uku, ya karɓi saiwar, alamar ya yarda. Ni na ɗauki hoton takardar na tura. Wannan karon sai da na karanta ta sau biyu.

Gwaggo Salanieta ta yi mako guda tana ajiye masa kwano da ƙarfi. “Ka tambaye ni? Ni ma a gidan nake!” Sannan ta kwashe kifin firjinta ta shanya shi a hayaƙi, ta aika wa Iya rabi.

Yanzu duk ranar da sama ta rufe, wayar Kawu ce ke fara ƙara a garin, don shi ne na ƙarshe. Da ya ga saƙon sai ya ɗauki lema, ya buga gangar itace ta bakin coci, ya bi gida-gida. “Akanisi, cire dutsen gugar nan, mijinki ba ya zuwa ko'ina! Fasto, fanka biyu? Iska ɗaya ba ta isa mai wa'azi ba?” Mutane na kashewa suna dariya, don kunya ba ta bari a ƙi mutumin da ya koma baya da ƙafarsa. Wani lokaci batura su farfaɗo kafin Baƙo ya taɓa kowa. Wani lokaci ba sa farfaɗowa, gidan Kawu ya yi shiru, shi kaɗai ko da gida biyar na samansa.

Asabar ɗin da ta wuce aka tashi da hadari, kuma ranar ce 'yan wasanmu ke buga wasan ƙarshe da ƙarfe uku. Ƙarfe biyu wutar Kawu ta tafi. Na same shi zaune gaban baƙin gilashin talabijin, hannu a gwiwa.

Na tsaya ta dama. “Kawu, ka san ni ɗan ƙanwarka ne, ko? Talabijin ɗin nan ya yi min. Na ɗauka.”

Na naɗe shi a tamfol ɗin janareta, na ɗora a kai, na kama hanyar rafi. Yana biye da ni yana riƙe wa talabijin lema, ni ruwa na dukana, yana cewa in na yar da shi sai ya sayar da ni ga jirgin kifi.

Iya Teretia ta ga mu, ta rufe baki da hannu, ta shiga ɗora ruwan shayi. Ɗan injinta na jone a bango, fitilarsa kore. Muka jona talabijin a gefensa. Ba ta san dokar wasan ba, duk wanda aka kayar shi take tausaya wa, ko namu ko nasu. Kawu na ihu, ita tana cewa, “Wayyo, ɗan mutane.”

Da aka tafi hutun rabin lokaci ta matso kusa da shi ta faɗi wata magana a hankali. Ta hagu ta zauna, bai ji ba. Na buɗe baki zan gaya mata ta zagaya, sai ta girgiza mini kai. Ta ƙara masa shayi, ya karɓa da hannu biyu, aka dawo wasa.