Abin da Waya ta Bari a Haƙorana

Ina da shekara goma sha huɗu aka sa min waya a haƙori. Haƙorana na gaba sun hau juna, 'yan ajinmu sun ishe ni da tsokana, ni kuma na ishi Abba da kuka har ya gaji ya kai ni wani asibitin haƙori a Sabon Gari. Likitar wata Bayarabiya ce, Hausa a bakinta tar. Ta manna wa kowane haƙori ɗan ƙarfe, ta ratsa waya ta cikinsu, ta ba ni wani siririn burushi mai shiga ƙarƙashin wayar. Ta ce ban da alewa, ban da lemon kwalba, kuma duk wata a kawo ni ta duba.

Abba kullum yana shagonsa a kasuwar Kwari, Umma ba ta cika fita ba, don haka kai ni asibiti ya faɗa kan yayata, wadda ta girme ni da shekara bakwai. A lokacin ko cewa ta yi in faɗa wuta zan faɗa. Ita ke min kitso, gado ɗaya muke kwana.

Ashe tana da saurayin da ba a sani ba a gida, mai shagon kayan wayar salula a unguwar Bata. Tun a wata na biyu ta fara tsayar da mai adaidaita a can. Ta zaunar da ni a benci, ta sayo min lemo mai sanyi da alewa mai danƙo, ta ce, "Ki sha a hankali, kar ki shanye da wuri." Haka zan yi awa biyu ina kurɓar sukari kaɗan-kaɗan, su suna hira. Na taɓa ce mata likita fa ta hana. Ta ce, "Ke dalla can! Likitoci haka suke, tsoratarwa ce kawai."

Ba zan wanke kaina tas ba. Na ji daɗin lemon nan, kuma siririn burushin ya ɓata ban nemi wani ba. Amma ni yarinya ce, ita aka damƙa wa amanata.

A wata uku sau ɗaya muke leƙa asibitin. Likita ta ɗaure wayar, ta yi min faɗan rashin wanke baki da kyau, ta ce in jira a waje, ta kira Yaya. Yaya ta fito tana ninke takarda tana cusawa a jaka. In ce me ta ce? Ta ce, "Komai lafiya lau."

Ranar cire wayar Umma ta biyo mu. Aka miƙo min madubi, na buɗe baki da murna. Haƙora sun jeru kam, amma kowanne an zagaye gurbin ƙarfen da wani farin tabo kamar an goga alli. Biyu na sama sun yi ruwan ƙasa daga gefen dasashi, ɗaya har ya fara rami.

Likita ta dubi Umma ta ce, "Hajiya, sau uku ina rubuto muku takarda. Tun tabon yana ɗan mitsitsi na ce a canza mata man goge baki, a riƙa kawo ta ina shafa mata magani, a raba ta da zaƙi. Da an yi, da ba mu zo nan ba."

Umma ta juya wajen Yaya. Wallahi ko ƙifta ido Yaya ba ta yi ba. Ta ce, "Umma, na gaji da yi mata faɗa, kin san kwaɗayinta. Takardun kuwa ita nake ba wa ta kawo miki."

Innalillahi! Ni? Na buɗe baki zan tona komai, sai na tuna satin da ya wuce dangin saurayin nan suka zo gaisuwa wajen Abba. In na yi magana, auren ya watse. Na haɗiye. Na sha zagin Umma tun daga Sabon Gari har ƙofar gidanmu a Fagge, Abba ya yi sati ba ya amsa gaisuwata. Duk na jure, ina jiran Yaya ta ja ni gefe ta ce, yi haƙuri. Kalma biyu kawai nake nema, ban samu ba.

An cike ramin, farin tabon kuwa yana nan har yau. In zan yi dariya hannuna ke riga ni zuwa baki.

Ranar bikin Yaya aka jera mu hoto, ina gefenta cikin anko. Mai hoto ya ce kowa ya yi murmushi, na manta kaina na yi. Sai na ji ta taɓa ni da gwiwar hannu, ta sunkuyo daidai kunnena, fuskarta cike da fara'a, ta ce, "Rufe bakinki mana, kar ki ɓata min hoto."